Ɗan Farin Akwatin da Aka Sa wa Injin Baba

Fanka na fara gani kafin in gan shi. Na shiga Kasuwar Kwastam neman cajar waya, rana ta take, gumi ya jiƙa mini hijabi har wuya, na tsaya ƙofar wani ɗan shago don kawai in sha inuwa. Sai fankar da ke rataye a rufin shagon ta fara juyawa, alhali babu wanda ya taɓa bango. Ta yi gudu, ta tsaya. Ƙwan fitilar da ke kusa da ita ya kama, shi ma ya mutu. Na ja da baya ina karanta abin da ya zo bakina.

"Hajiya, ba aljanu ba ne, ni ne."

Yana zaune bayan kanta a kan wani kwali, waya a hannunsa, yana dariya. Dogo ne, baƙi, mai 'yar wushirya, ga abin gwada wuta soke a aljihun rigarsa kamar alƙalami. Ya miƙo mini wayar ya ce in danna da kaina. Na danna, fanka ta tashi, iska ta kaɗa mini gefen hijabi. Ya nuna mini wani ɗan farin akwati a bayan makunni, bai kai akwatin ashana biyu ba, ya ce sunansa rile, shi ke jin maganar waya ya ba da wuta ko ya hana. A wasu ƙasashe, in ji shi, mutum yana kwance yake kashe fitilun gidansa duka.

Shekarata ashirin da biyu a lokacin, kuma na karanta littattafan soyayya fiye da yadda na karanta na makaranta. Akwai wata mata a layinmu da ke ba da hayarsu, na cinye duk na cikin akwatinta, wasu har sau uku. Na daɗe da sanin yadda nawa zai zo: a baƙar mota mai sanyi, ƙamshinsa ya riga shi shigowa, ya kalle ni sau ɗaya numfashina ya ɗauke. Wannan ba shi da mota, warin dalma yake yi. Amma na koma gida a keke ba tare da cajar ba, kuma ban tuna ba sai da wayata ta mutu.

Gidanmu a Abbaganaram yake. Baba daga Kano ya zo tun kafin a haife ni, ya kafa injin niƙa a shagon da ke jikin zaurenmu. Da shi ya ciyar da mu, da shi ya yi jinyar mahaifiyarmu har ta rasu. Injin na lantarki ne. Moton da ke juya shi yana girke a ƙasa kamar rago a kwance, bel ya taso daga gare shi ya kama injin. A bango kuma akwai wani tsohon akwatin ƙarfe da ake kira sitata, mai maɓalli biyu, kore da ja. In ka danna koren za ka ji ƙwas mai nauyi, moton ya yi nishi, sannan ya ɗauka.

Shekara biyu kafin wannan lokaci ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Ya tashi, amma hagunsa bai tashi tare da shi ba. Yayata ce ta karɓi injin. Ta girme ni da shekara tara. Mijinta ya tafi fataucin kifi ta hanyar tafki a shekarun tashin hankali bai dawo ba, ita kuma ta dawo gida. Baba yana ce mata Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ni kuma Auta. Kullum da safe sai mu fito da shi kan kujerar roba a bakin zaure, inda yake hango ƙofar shagon, ya wuni yana sauraren injinsa.

"Ni da abina," yakan ce, "sai dai in ji shi kamar rediyon maƙwabta."

Wutarmu ba ta da alƙawari. Ta zo, ta yi rauni, ta ɗauke, ta dawo, duk a yini ɗaya. Idan ta ɗauke ana tsakiyar markaɗe Yaya ba ta jira, domin jiƙaƙƙen wake ba ya jimre zafin Maiduguri. Sai ta naɗe hannun riga, ta zura hannunta na dama cikin maƙogwaron injin, inda wani murɗaɗɗen ƙarfe yake tura hatsi zuwa ga haƙora, ta kwaso na mutane tas ta zuba musu a bokiti, su kai injin gas na bakin titi kafin ya yi tsami. Haka Baba ya yi shekara da shekaru, haka ta gani ta ɗauka. Ko wuta ta dawo hannunta yana ciki, injin ba ya motsi sai an je an danna kore. Babu wanda ya taɓa tambayar dalili a gidanmu. Mun ɗauka halin inji ne.

Abin da ke ba ta haushi da sitatan shi ne saurin fushinsa. Wuta ta ɗan yi ƙasa sai ya saki, injin ya tsaya da niƙa a bakinsa, ta zagayo da hannu duk ƙullu ta danna, bayan minti biyar ya sake saki.

Mai shagon fankar ya fara zuwa zance wata guda bayan haɗuwarmu. Injiniya nake ce masa don tsokana, shi kuma yana ce mini Bakanuwa, duk da ban taɓa kwana uku a Kano ba. Bayan la'asar yake zuwa, ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Baba bai ƙi shi ba, amma bai ga sana'a a hannunsa ba. Mai kayan wasan yara yake kiransa in ya tafi. Ni kuwa na san daga karatuna cewa dole namiji ya yi wani abu guda babba da zai juyo da zuciyar uba, kuma ina ta jiran in ga ko mene ne.

Wata rana muna zaune a zaure sitatan ya saki sau huɗu a jere. A na huɗun Yaya ta zage shi da Kanuri. Baba ya yunƙura kamar zai tashi, jikin ya mayar da shi. Injiniya yana kallo.

"Baba," ya ce, "in ka yarda, zan sa ka riƙa tayar da injin nan daga inda kake zaune."

Baba ya dube shi sosai a karon farko. "Da me? Da addu'a?"

"Da babban yatsanka na dama."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni ce na ƙarasa aikin. Kwana biyar ina bin sa da magana, in na kawo masa kunu, in ina shafa masa man zafi a ƙafa. Yaya ta ce ita dai duk abin da zai raba ta da zagayen nan tana so. A ƙarshe ya ce to, amma kebul ɗin da za a yi aikin da shi a sayo wurin mutuminsa, wani Ibo mai sayar da kayan wuta a cikin kasuwa, wanda shi ya sayar masa da moton tun farko. Ya ce in raka Injiniya don mutumin ya san daga gare shi ne.

Oga muke ce masa. Ya fi shekara talatin a garin, bai tashi ba ko lokacin da 'yan'uwansa suka kwashe kaya, kuma ya fi ni jin Kanuri. Ya tambayi jikin Baba, ya jawo mini kujera, sannan ya tambayi aikin. Injiniya ya fito da ɗan farin akwatin ya ɗora masa a tafi. Oga ya sa tabarau ya juya shi gaba da baya.

"Abokina, wannan na fitila ne. Fanka, talabijin. Ba na moto ba ne."

"Oga, duba bayansa. Ƙarfin wutar da yake ɗauka, sha shida aka rubuta. Moton Baba sha huɗu yake ci, na karanta a jikinsa."

"Sha huɗu in yana cikin gudu. Ka taɓa tura kurar 'yan garuwa cike da jarkoki?"

"Na taɓa."

"Yaushe ta fi cin ƙarfinka?"

Injiniya ya yi murmushi. "Farkon tashi."

"To moto ma haka. In zai tashi yana jan ninkin wannan sau biyar, sau shida. A cikin abin nan naka wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu, kowanne kamar ƙwayar dawa, su ke haɗuwa su rabu. Duk tashi wuta za ta lashe su. Wata rana za su narke su manne kamar an yi musu walda. Ranar nan ka danna waya har yatsanka ya kumbura, ba zai ji ka ba."

"Na zamani ne, Oga. Yana da kariya a ciki."

"Na zamani." Oga ya ajiye tabarau. "In dole sai ka yi wasanka, bar sitata a wurinsa. Naka ya zama ɗan aike, sitata ya ɗauki nauyin."

"Ai sitatan ne matsalar. Kullum saki yake yi."

"Sakin shi ne aikinsa. In wuta ta tafi ya saki, ba ya sake kamawa sai mutum ya zo da ƙafarsa, ya kalli inji da idonsa, ya danna. Naka fa, in wuta ta dawo, wa zai tambaya?"

"Ana saita shi ya farka a kashe."

"In bai manne ba."

Ya auna kebul ɗin ya naɗe, amma bai miƙa wa Injiniya ba, ni ya miƙa wa. "'Yar Alhaji, ki gaya wa babanki na ce kar a cire sitata. Akwai hannun mutum a wurin nan."

A keke Injiniya ya ce tsofaffin kasuwa duk abin da ba su sayarwa tsoronsa suke ji. Ya kwaikwayi yadda Oga ya ce "na zamani", na yi dariya har mai keken ya waigo. A littattafaina kullum akwai wani dattijo da ke tare wa masoya hanya, kuma kullum shi ke jin kunya a shafin ƙarshe. Na sa Oga a wannan gurbin. Da muka iso Baba ya ce, "Me mutumina ya ce?" Na ce ya ce a gaishe ka da jiki.

Ranar Asabar aka yi aikin. Injiniya ya kwance sitatan ya tura shi ƙarƙashin benci, ya bar ramuka huɗu da farin shati a bangon, ya ɗaure ɗan akwatinsa a tsakiyar shatin, ya yi ƙanƙanta har ya ba ni tausayi. Tsohuwar wayata aka ba Baba. Babu komai a fuskarta sai da'ira guda: in ta yi kore inji yana aiki, in ta yi toka a kashe yake, ko kuma babu wuta.

Baba ya daɗe yana kallon da'irar. Sannan ya yi bismillah ya ɗora yatsa. Moton ya yi nishinsa ya ɗauka, bel ya fara kaɗawa. Baba ya kashe. Ya sake kunnawa. Ya kashe. Gefen bakinsa mai rai ya ɗaga, hawaye yana bin ɗaya gefen.

"Baba, in ka gama wasa akwai dawar mutane," Yaya ta ce daga ciki.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na sani a gidan nan, kuma ba zan ƙaryata su ba don abin da ya zo daga baya. Baba ya koma sa hula da safe. Yaya ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ba shi," ya ba shi. Ta ce, "Baba, tsayar," ya tsayar. Matan unguwa suna zuwa da niƙan da bai kai a fito da shi ba don kawai su gani. Wata tsohuwa 'yar Kanuri da ke kawo wakenta kullum takan tsaya gabansa ta gaishe shi da yarensu ta ce, "Wushe, direba," ya ce, "Wushe, fasinja." Ana saura kwana uku a ɗauki azumi ya kira Injiniya ya ce masa, "Ɗana, in an yi salla ka turo manyanka."

Ranar goma ga azumi ina share shagon da safe na ji wari, irin na roba in ta taɓa garwashi. Na bi shi da hanci har bango. Kusurwar ɗan akwatin ta ƙasa ta yi baƙi-baƙi, ta ɗan lotsa kamar kyandir. Da rana Baba ya yi gyangyaɗi, Yaya ta ce a tsayar, na ɗauki wayar daga cinyarsa na danna. Da'irar ta koma toka, injin kuwa ya ci gaba da gudu. Sai da na yi numfashi uku kafin na ji ɗan ƙas a bango, ya tsaya.

Na san abin da na gani. Maganar Oga ta dawo mini kalma-kalma. Amma na zauna na hango abin da zai biyo baya in na faɗa. Baba zai aika a kira Oga, Oga zai ce ai na aiko 'yarka da saƙo, a mayar da sitata, a karɓe wayar daga hannun Baba, shi kuma Injiniya ya koma mai kayan wasan yara. Kwana ashirin ne suka rage. Na ce a raina in manya suka zo aka sa rana, ni da kaina zan sa shi ya canza. Akwai ƙusa a saman akwatin, na ɗauko babbar rariyar Yaya na rataye a kai, ta rufe shi ruf.

Da Injiniya ya kira ni a waya na ce masa akwatinsa ya fara nawa. Ya ce matsalar sabis ce, kasuwa ta cika yanzu, bayan salla zai duba. Ban ambaci warin ba. Ya tambaye ni wane fenti nake so a yi wa ɗakinmu, muka shafe rabin awa a kan wannan.

Ranar ashirin da uku ga wata zafi ya yi tsanani, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Bayan azahar bokitan wake suka jeru daga bakin injin har waje, kowa yana son ƙullun ƙosai kafin la'asar ta yi nisa. Ina tsakar gida kan tabarma da littafi, na kai inda ake shirin ɗaurin aure. Na ji injin ya yi ƙasa ya tsaya, mata suka yi tsaki a tare. An ɗauke.

Abin da ya faru a shagon daga baya aka ba ni labari. Waken tsohuwar nan ne a ciki. Ta ce wa Yaya, "'Yata, taimake ni, ƙafata ba ta sauri, kar in tarar da layi a can." Baba ya duba waya ya ga toka, kamar kullum in babu wuta. Yaya ta naɗe hannun riga.

Ni abin da na ji shi ne yaran layi sun ɗauki ihun an kawo, kuma kafin su rufe baki moton ya yi nishi. Ba nishin da na sani ba ne, wannan ya fi nauyi, kamar yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Sai muryar Yaya. Sunan Allah ta kira, sau ɗaya, da wata irin murya da ban taɓa ji a bakin mutum ba.

Na tarar da Baba a ƙasa, ya faɗo daga kujera, wayar tana hannunsa yana dannawa, yana dannawa. Na shiga shagon na nufi bango, hannuna ya tafi neman jan maɓalli da kansa, ya sami rariya. Na fizge ta na bugi akwatin da tafina, ya ƙona ni. Mata suna ta salati, biyu sun riƙe Yaya ta ƙugu suna ja, bel yana zamewa yana hayaƙi. Telan da ke maƙwabtaka da mu ne ya shigo zaure a guje, ya taka kujerar Baba ya cire fis daga jikin mita. Ni ban san tsawon lokacin ba. Shi ya ce bai kai minti ɗaya ba.

Sai da aka kwance injin da sifana kafin a fito da hannun. Tsohuwar ta warware lafayarta ta naɗe shi don kar Yaya ta gani. Yaya ba ta suma ba. A cikin keken da ya kai mu asibiti kanta yana kafaɗata, ta ce mini in koma in ɗaga Baba daga ƙasa.

Likitoci sun yanke daga wuyan hannu.

Injiniya ya iso kafin magariba. Aka ce ana bukatar jini, ya miƙa hannu da azumi a bakinsa. Washegari ya je gida ya ciro akwatin ya fasa shi a gaban Baba. 'Yan ƙarafan nan biyu sun zama ɗaya, baƙi ƙirin. Ya durƙusa ya ce, "Baba, an gaya mini ban ji ba. Ni na yi." Bai ce ina wurin lokacin da aka gaya masa ba. Baba ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya juya fuska bango. Daga ranar bai sake yarda an fito da shi bakin zaure ba.

Oga ya zo asibiti rana ta uku da ledar lemo. Ya tsaya bakin gado ya yi wa Yaya sannu, bai daɗe ba. Na raka shi baranda, ya tsaya yana goge tabarau da gefen riga.

"'Yar Alhaji, kin ba da saƙona?"

Na kalli silifas ɗina.

"To," ya ce. "Allah ya ba ta lafiya." Ya sauka ya tafi. Iyakar sanina har yau bai gaya wa kowa ba.

Aka yi salla ba mu yi ɗinki ba. Manyan Injiniya suka aiko suna tambaya ko su zo ko su dakata, na ce wa Baba a ce musu na fasa. Da la'asar Yaya ta kira ni ɗakinta. An sallamo ta da mako guda, tana zaune bakin katifa, dungulmin a naɗe da farin bandeji a kan matashi, tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da hagu yana zamewa. Na karɓa na ɗaura mata.

"An ce kin fasa."

"Na fasa."

"Don me? Ya yi miki tsufa?"

Na durƙusa gabanta na fara. Na faɗi saƙon Oga, na faɗi warin, na faɗi ranar da injin ya ƙi tsayawa. Da na zo kan rariya ta katse ni.

"Auta, rariyar nan ta wa ce?"

"Taki."

"Sau nawa nake tankaɗe a yini?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Kullum sai na sauke ta, kullum sai na mayar inda kika rataye. Na ga baƙin tun ranar. Na ga Baba da hula, na gan ki kina tafiya kamar ba kya taka ƙasa, na ce a bari a wuce salla." Ta gyara matashin da gwiwa. "Abin da ban sani ba shi ne zai iya tashi da kansa. Wannan ke kika sani."

Na yi kuka, ba ta rarrashe ni ba. Da na gaji ta ce, "Ki aure shi. Ya ba ni jini, bai gudu ba, kuma bai tona ki ba. In kika fasa, hannun nan ya tafi a banza ke nan."

An ɗaura bayan babbar salla, ba kiɗa ba taro. Mutumin kirki ne. Ya rufe shagonsa ya je ya zauna ƙarƙashin Oga shekara biyu yana koyon aikin moto daga tushe. Yanzu famfunan burtsatse yake haɗawa, kuma yakan tattara kayansa ya taho in mai gida ya ce a tsallake wani abu. Muna da 'ya'ya biyu. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba ya kuma yawan dariya. A littattafan in an ɗaura aure ake rufe labari, don haka babu inda na koyi yadda ake zama da mutumin da kuka san abu ɗaya ku biyu kuka ƙi ambatonsa. Muna dai zaune.

Baba ya rasu shekara biyu bayan haka. Danginsa suka zo daga Kano aka raba gado, aka sayar da gidan da injin.

Mun yi mun yi Yaya ta dawo wurinmu, mijina har ɗaki ya gina mata, ta ƙi. Ta ce ba za ta iya cin abinci yana kallon hannunta yana sunkuyar da kai ba. Ta kama ɗaki kusa da Kasuwar Shanu, tana dafa wa dillalai da mahauta burabusko da miyar yakuwa. Da hagu take tuƙi, ta tokare tukunya da dungulmin a naɗe cikin tsumma, fatar wurin har ta yi kanta. Wani dillali ya neme ta da aure, ya zo sau biyu da goro, sannan 'yan'uwansa mata suka zo ganinta, daga nan ko cin abinci bai sake zuwa ba. Ta ce dama cinsa ya yi yawa. Idan gari ya yi sanyi takan ce yatsun da babu suna mata ƙaiƙayi, ta rasa inda za ta sosa. Kafaɗar hagun ta fara ciwo, likita ya ce aiki ya yi wa ɓangaren yawa, ta rage. Ba ta rage ba.

Shekara bakwai ke nan, ta koyi kusan komai da hannu ɗaya, wanki, ɗaurin lafaya, yankan albasa. Abu guda ne ya gagare ta, yanke farcen hannun da ya rage, kuma ba ta yarda maƙwabta su yi mata. Duk bayan Juma'a biyu nakan hau keke in je bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kasuwa ta lafa. Ta wanke hannun ta ɗora mini a cinya, ta shiga ba ni labarin wanda sa ya tunkuya da wanda ya yi rantsuwar ƙarya a kan ɗan maraƙi. Farcen ya yi kauri, gefensa duk ƙuna, sai na jiƙa shi da ruwan ɗumi kafin reza ta ci. Wancan makon ta ce in rage na babban yatsa sosai, yana kama mata lafaya.